A rataya wa rijiya, kada a rataya wa saniya



Yau ina so mu tattauna a kan wata dabara ta rediyo wadda ta haura shekara 40 a duniya, amma har yanzu ba ta taka ƙasashenmu sosai ba. Dabarar tana nuna wa mutum inda ɗan'uwansa yake a kan taswira, ko da babu rezo, ko da babu kuɗin kira a waya, kuma babu kamfanin da zai karɓi ko dala. Duk wanda ya taɓa kwana uku yana cigiyar garke tsakanin Abalak da Ingal, ko ya zauna a kara yana jiran kamyon da ya taso tun shekaranjiya babu labari, ya san nauyin wannan magana. Gara in faɗi ra'ayina tun da fari. Dabarar tana da amfani, ya kamata ƴaƴanmu su koye ta. Amma ranar da aka rataya ta a wuyan saniya, ko aka jefa ta a aljihun mai kora, to an yi wa garken gwanjo ba da sanin mai shi ba.

Sunanta APRS, haruffa huɗu na Turanci, kuma abin da suke nufi shi ne tsarin aika gajeren rahoto ta rediyo wanda na'ura take yi da kanta. Wanda ya ƙirƙiro ta wani injiniya ne Ba'amurke mai suna Bob Bruninga, wanda ya daɗe yana aiki a makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa ta Amurka da ke garin Annapolis. A 1982 ya fara gwada zana wuraren jiragen ruwa a kan taswirar kwamfuta. A 1984 ya gyara dabarar domin wani aiki da zai ba ku sha'awa, wato bin sawun dawaki a wani tseren juriya na mil 100, kimanin kilomita 160. A lokacin GPS bai shiga hannun jama'a ba, saboda haka ba a jikin doki aka ɗaura komai ba. Mutane ne a zango-zango na hanyar suke shigar da labarin dokin da ya wuce da halin da yake ciki, sauran zanguna kuma su gani a take. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Da GPS ya yi araha a farkon shekarun 1990 sai aka haɗa shi da rediyon, na'ura ta koma tana faɗin wurinta da kanta. A watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan, kuskuren da a da yake kai mita 100 ya sauko kusan mita 10. Shi Bruninga ya rasu a watan Fabrairu na 2022, amma abin da ya dasa yana nan yana aiki dare da rana.

Masu wannan harka su ne ake kira masu rediyon sha'awa. Mutane ne kamar ni da ku, akwai malamin makaranta, akwai makaniki, akwai ɗan fansho, waɗanda suka ci jarrabawa gwamnatinsu ta ba su izinin yin magana a wasu zangunan rediyo da aka keɓe musu a duk duniya. Kowane ɗaya yana da lambar kira wadda babu mai irinta, kamar yadda kowane gida yake da shaidar da yake yi wa raƙumansa. Haruffan farko su ke nuna ƙasa: 5U na Nijar ne, 5N na Nijeriya, TT na Cadi, TJ na Kamaru, 9G na Gana, ST na Sudan. Lambar Bruninga ita ce WB4APR, daga nan ma kuna iya ganin inda sunan dabarar ya yi kama da na mai ita.

Ga yadda abin yake tafiya. Ku da kuka saba kama BBC da Muryar Jamus a mita 16 da 19 da 25 kun san gajeren zango yana tsallake ƙasashe, domin sama ce take maido shi ƙasa. APRS galibi a mita 2 yake aiki, kuma wannan zango ba ya dawowa daga sama, miƙewa yake yi kamar ganin ido. A Amurka ta Arewa kowa yana haɗuwa a megahaz 144.390, a Turai da Afirka ta Kudu kuma a 144.800. Bayan kowane ƴan mintoci rediyon mutum yakan yi wata ƴar ƙara mai kama da kukan gyare, ba ta kai sakan ɗaya ba. A cikin wannan ƙara akwai lambar kiransa, da daidai wurin da yake, da inda ya dosa, da saurin tafiyarsa, da ɗan zanen da ke nuna ko mota ce ko gida ko mai tafiya a ƙasa, da ƴar gajeriyar magana. Ana iya aika wa wani saƙo na musamman, amma ba ya wuce haruffa 67. Hanyar ƙunci gare ta ƙwarai: hoto ɗaya na wayar zamani zai ci awa uku ko fiye kafin ya wuce. Ba a yi ta domin hira ba, kuma da yake kowa a zango ɗaya yake, idan mutum biyu suka yi ƙara lokaci ɗaya dukansu sun yi asara, kamar mutum biyu da suka zura guga tare a rijiya mai ƙaramin baki.

To, tun da rediyon hannu ba ya wuce ƴan kilomitoci, yaya labari yake yin nisa? A nan ne tashar maimaitawa take shigowa. Rediyo ce da ake kafawa a kan tudu ko doguwar hasumiya, ba mai tsaronta, aikinta kawai ta ji ƙara ta sake faɗinta da ƙarfi. Mai aikawa shi ke rubuta sau nawa yake so a maimaita, kuma al'adar masu abin ita ce sau biyu, in ya yi yawa sau uku, don kada a cika zangon da surutu. Sai kuma wata tasha ta daban da za mu kira ƙofar intanet. Ita tana sauraren duk abin da ke wucewa a iska, tana zuba shi cikin intanet, daga nan ya bayyana a taswirar duniya. Shafin da aka fi dubawa shi ne aprs.fi, wanda wani mai rediyon sha'awa na ƙasar Finlan ya gina. Wanda ya buɗe shi zai ga Jamus da Japan da gabashin Amurka sun cika maƙil da alamomi har ba a ganin ƙasa. In ya gangaro Sahel zai tarar kusan fari fat.

Kayan aikin ba su da wuyar fahimta. Tun 1998 kamfanin Kenwood ya fitar da oba-oba mai suna TH-D7 wadda ke iya wannan aiki ba tare da kwamfuta ba, kuma irinta na yau, na Kenwood da na Yaesu, da GPS a cikinsu suke zuwa. Suna da kyau, amma kuɗin babbarsu ya kusa na bijimi. Talaka yakan sayi ƴar Baofeng ta ƙasar Sin wadda ba ta kai kuɗin tunkiya ba, ya haɗa ta da waya ta igiya, ya sa manhaja mai suna APRSdroid. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne GPS na cikin waya ba ya bukatar rezo, ba ya bukatar layi, domin sauraren taurarin ɗan Adam kawai yake yi. Tashar maimaitawa kuma ana iya haɗa ta da tsohuwar rediyon mota, da ƴar kwamfuta mai girman tafin hannu da ake kira Raspberry Pi, da manhajar Dire Wolf wadda kyauta ce, da batir, da farantin hasken rana, da eriya a kan dogon ƙarfe. A ƴan shekarun nan Turawa sun ƙara wata hanya mai suna LoRa a wajen megahaz 433, na'urarta ba ta fi kwalin ashana girma sosai ba, kuma ba ta cin batir.

Can inda abin ya yi ƙarfi, ana amfani da shi wajen tseren gudu na dogon zango da na kekuna, don a san inda motar ɗaukar majiyyata take da inda na ƙarshe ya kai. Masu neman wanda ya ɓata a daji suna sa wa kowace ƙungiya tata na'urar, shugaban aiki ya ga wurin da aka riga aka bincika da wurin da ya rage. Ɗalibai suna ɗaura ta a balan-balan su sake shi sama, su bi shi har inda ya faɗo. Mutane da dama sun kafa ma'aunin ruwan sama da na iska a gidajensu suna aikawa ta wannan hanya, har hukumar yanayi ta Amurka tana karɓar alƙalumansu. Duk waɗannan ayyuka suna da hali ɗaya: masu yin su suna so a gan su.

Makiyayi fa? Tun zamanin jangali makiyayi ba ya faɗin yawan shanunsa, ba ya kuma faɗin inda zai kwana gobe sai ga wanda ya yarda da shi. Waɗansu suna kiran wannan duhun kai. Ni a wurina ilimi ne da aka saya da tsada. To APRS ba ya da sirri ko na ƙwayar zarra. Duk abin da ya shiga ƙofar intanet, kowa a duniya yana iya ganinsa ba tare da an tambaye shi sunansa ba, kuma shafin yana ajiye sawun kwanakin baya. Mutum zai zauna a inuwa da wayarsa ya ga cewa wannan alama takan bar mashekari da hantsi, takan sha ruwa a tafki kaza da azahar, takan kwana a gindin tudu kaza, kwana bakwai a jere. Ɓarawon da a da sai ya biya ɗan leƙen asiri a kasuwa, yanzu an ɗauke masa wannan wahala. Ko da babu ƙofar intanet a yankin, duk mai ƴar Baofeng da waya yana iya karanta abin da ke wucewa a iska. Kada kuma wani ya ce muku za a kulle saƙon da lambar sirri. Dokokin rediyo na hukumar sadarwa ta duniya da ke Janiba, a sashe na 25, sun hana masu rediyon sha'awa ɓoye ma'anar abin da suke aikawa tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma yawancin gwamnatoci sun ɗora wannan hani a cikin gida ma. Gaskiya ne tsarin ya yarda mutum ya rage lambobin wurinsa, alamar ta nuna yanki mai faɗin kusan kilomita 2 ko 18 maimakon daidai inda yake tsaye. Amma a ƙasar da tafki ɗaya ne a cikin kilomita 18, me aka ɓoye?

In kuna ganin na cika tsoro, ku tuna abin da aka gano a watan Janairu na 2018. Wata manhajar masu motsa jiki mai suna Strava ta wallafa taswirar hanyoyin da masu amfani da ita suke gudu, sai ga zanen sansanonin sojan Amurka a Afganistan da Siriya, har da yankin Sahel, ya fito ƙarara, domin sojojin suna zagaya sansani da agogon GPS a hannu. Waɗannan masu bindiga ne da katanga. Yaron da ke bayan shanu sanda gare shi.

Ku kuma fatake, akwai magana ta biyu da ta shafe ku. Izinin rediyon sha'awa ba na neman kuɗi ba ne, haka ma'anarsa take a dokar duniya. Falke ba shi da damar bin kamyonsa da shi, ko aika farashin kara ga abokin cinikinsa. Ko da ma doka ta yarda, wane ne zai so a ga motarsa a taswira tana dawowa daga Legas ko Kumasi bayan an sauke kaya, alhali kowa ya san abin da ke cikin jakar mai ita? Wanda yake son bin motarsa, akwai na'urorin kamfani masu aiki da layin waya, waɗanda sai mai lambar sirri yake gani. Su ma ba tsarkakakku ba ne, domin kamfanin yana gani, amma kamfani ɗaya ya fi duniya duka sauƙi.

To in haka ne, ina amfanin da na ce tana da shi? Mu koma kan dawakin 1984. Shi kansa Bruninga ya sha yin ƙorafi cewa mutane sun mai da dabararsa abin bin motoci, alhali shi abin da ya nufa shi ne allon labarin yanki, inda kowa zai ga abin da ke faruwa kewaye da shi a wannan sa'a. Saboda haka ne ya sa wata hanya a cikin tsarin wadda mutane ba su cika kula da ita ba: mai rediyo yana iya ɗora alama a taswira a madadin abin da ba shi da rediyo, ya rubuta ƴan kalmomi a kai. Wannan shi ne rabonmu a cikin abin. Rijiya ba ta tafiya, kuma babu ɓarawon da bai san inda take ba. Abin da mai garke bai sani ba, yana nesa da ita da tafiyar kwana biyu, shi ne ko injin famfon ya mutu, ko ruwan ya ja baya. In ya sani tun da wuri zai karkata, in bai sani ba zai iso da bisashe masu ƙishi ya tarar da ƙura. Haka wutar daji, wadda takan tashi bayan damina idan ciyawa ta bushe, ta cinye abincin rani na yanki guda cikin wuni ɗaya: alama ɗaya mai nuna inda take da inda iska ta dosa ta fi ɗan aike goma a kan babur. Haka korama da ta cika ta yanke burtali, haka ciwon huhu da ya ɓulla a wata mashaya, haka ranar da likitan dabbobi zai zo rigakafi. Amma ko a nan akwai iyaka. A rubuta cewa akwai ruwa, kada a rubuta garke nawa ne a bakinsa, kada a rubuta na wane ne.

Wannan ba zai ƙwace wa garso aikinsa ba. Na'ura ba ta san ciyawar da ke sa nono da wadda ke kumbura ciki ba. Kuma ba ita kaɗai ce hanya ba: tun 2017 aka buɗe wani tsari mai suna Garbal a Mali, inda makiyayi yake kiran waya a gaya masa labarin ruwa da ciyawa daga hotunan tauraron ɗan Adam. Sai dai duk abin da ya rataya a kan rezo, ranar da babu rezo babu shi. A watan Satumba na 2021 hukuma ta rufe layukan waya a jihar Zamfara makonni da dama saboda yaƙi da ƴan bindiga, daga baya rufewar ta shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Rediyo ba ta da wani gida guda da za a je a kashe ta.

Kada in sa ku ɗauka abin da sauƙi. Eriyar da ke hannun mutum a tsaye tana ganin kusan kilomita 6 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Wadda aka ɗaga mita 30 tana ganin kusan 22. A duwatsun Ayar, ko tsaunukan Mandara, ko tudun Adamawa wajen Ngaundere, tasha ɗaya a wuri mai kyau za ta rufe ƙasa mai yawa. A Azawak da Tadres kuwa, inda ƙasa take kamar faifai, hanyar Tawa zuwa Agadas kaɗai, kimanin kilomita 400, za ta ci tasha goma ko fiye. Kowace tana son mai share mata ƙura daga faranti, da mai canza batir idan zafi ya kashe shi, da mai hana a sace su duka biyun. Ayyuka nawa muka gani an kafa da biki, bayan shekara biyu sai ƙarfe tsaye? Akwai tashar maimaitawa a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai yawo kimanin kilomita 400 a bisa kanmu, a megahaz 145.825, kuma a lokutan da take kunne ana iya tura saƙo ta cikinta da oba-oba da eriya mai kyau. Amma wucewarta ba ta fi minti goma ba, sau ƴan kaɗan a wuni. Abin koyo ce ga ɗalibai, ba abin da za a jingina ran garke a kai ba.

Sai babbar magana, wadda ta fi ƙura da batir. A ƙasashenmu yau, bafillace ko buzu da aka tare a shinge aka sami oba-oba a jakarsa, kafin ya buɗe baki an riga an yanke masa hukunci, domin masu ɗauke da makamai ma da ita suke aiki. Mun ga yadda dokar ta-ɓaci ta hana hawan babur a Diffa a 2015, da sassan Tillaberi a 2020, mai laifi da marar laifi duka suka sauka. Saboda haka ina roƙonku, kada kowa ya sayi wannan kaya a kasuwa ya kunna don ya karanta wannan shafi. Izini tukuna. A Nijar da Cadi hukumar ARCEP ce ke kula da zangunan rediyo, a Kamaru ART, a Gana NCA. Kuma takardar izini kaɗai ba ta isa ba, sai jandarma da sojan yankin sun san da tashar, sun san fuskar mai riƙe da ita, tun kafin a ɗaga eriya.

Abin da nake ganin ya dace shi ne shugabanninmu su nemi zama da waɗannan hukumomi, su tambayi hanyar da ƴaƴan makiyaya da suka yi karatu za su zauna jarrabawar rediyon sha'awa su sami lambar kiransu, ko da mutum biyar ne a jiha. Dokar duniya ta yarda a yi amfani da wannan rediyo wajen agajin gaggawa, kuma wutar daji da ambaliya suna cikin wannan babu gardama. Labarin yau da kullum na rijiyoyi da rigakafi kuwa, in hukuma ta ga bai dace da izinin sha'awa ba, sai a nemi zango na musamman da sunan ƙungiya, tun da manhajarta kyauta ce, za ta yi aiki a can kamar yadda take yi a mita 2. A fara da tasha ɗaya a garin da ke da kasuwar bisashe, a ɗora eriyar a kan tankin ruwan gari, a ba mutum uku ko huɗu masu zama a bakin manyan rijiyoyin kewaye rediyonsu, a gwada rani ɗaya. Ƙofar intanet kuma a bar ta a rufe har sai masu garken yankin sun zauna sun ga da idonsu abin da taswirar take nunawa.